Jinin al'adata ya ƙaru kuma yana zuwa da gudaji, ana ta ba ni maganin sanyi

Maman Khalifa, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, da kuma matan da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekaruna 36, ina da 'ya'ya huɗu, kuma autansu ya riga ya shiga firamare. Tun ina budurwa al'adata kwana 6 take yi, ba ta cika saɓa lokacinta ba, amma fiye da shekara guda ke nan al'amarin ya canja. Yanzu jinin yakan kai kwana 11 ko 12 kafin in ga tsarki, kuma a kwanakin farko yana zuba ne da gudaji manya-manya, ta yadda sai na haɗa audugar mata biyu sannan in iya fita daga gida, duk da haka ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ta jiƙe. Aikin koyarwa nake yi, kuma a irin waɗannan kwanaki ina fargabar miƙewa daga kujera a gaban ɗalibai.

Ban da jinin, ina fama da jiri idan na tashi tsaye, ina haki ko da shara na yi, zuciyata kuma takan riƙa bugawa da ƙarfi idan na kwanta. Na sami kaina ina kwaɗayin tauna ƙanƙara da farar ƙasa, abin da rabona da shi tun ina da cikin fari. Marata ta yi nauyi, kuma ina yawan tashi fitsari da dare.

Duk lokacin da na je kemis ɗin unguwarmu, sai a ce sanyi ne, a yi mini allurai a ba ni kafso, amma wata na zagayowa abin ya dawo yadda yake. Ba na amfani da kowace hanyar tazarar haihuwa. Tambayoyina su ne: shin sanyi yana kawo irin wannan zubar jini? Idan kuma ƙari ne a mahaifa kamar yadda wata abokiyar aikina take zato, shin dole ne sai an cire mahaifar? Wannan tsoron ne ya hana ni zuwa asibiti, domin ni da maigidana muna fatan ƙarin haihuwa. Sannan ina cikin ruɗani game da salla, ban san ranar da ya kamata in yi wanka ba.

Sista Ungozoma, Bauchi

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na daɗe ina aiki a ɓangaren mata. Ba a gane ciwo ta hanyar rubutu, amma bayanin da kika yi ya isa in gaya miki cewa wannan jinin ya wuce ƙa'ida kuma yana bukatar bincike cikin wannan makon, ba sai wani watan ba.

A wurin mace baliga, tsakanin ranar farko ta wata al'ada da ranar farko ta mai bi mata yakan kasance kwana 21 zuwa 35, jinin kuma ba ya wuce mako guda. A littattafan likitanci ana cewa jini ya yi yawa idan ya haura mililita 80 a al'ada ɗaya, sai dai babu matar da take aunawa, don haka alamun da muke tambaya su ne waɗannan: haɗa auduga biyu, jiƙewarta cikin awa ɗaya ko biyu, manyan gudaji, tashi cikin dare domin canjawa, da kuma wuce kwana 7. Kin cika kusan dukkansu.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne ƙarancin jini. Jiri, haki, bugun zuciya da kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa alamu ne na cewa sinadarin ayon, wanda jiki yake haɗa jini da shi, ya yi ƙasa a jikinki, saboda abin da kike zubarwa kowane wata ya fi abin da abinci yake mayar miki. Ki nemi a auna miki jini, wato PCV ko himogulobin. Mace marar ciki da himogulobin ɗinta ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, kuma na sha ganin mata sun shigo da ƙafarsu suna murmushi, a auna a tarar da 6 ko 7, domin jiki yakan saba da raguwar a hankali har mai shi ta ɗauka gajiyar aiki ce. Idan kika suma, ko ƙirjinki ya riƙe, ko auduga ta riƙa jiƙewa kowace awa har awanni da yawa a jere, to wannan na sashen gaggawa ne, ko da tsakar dare ne.

Game da sanyi kuwa, ciwo ne na gaske kuma yana da haɗari, domin ƙwayoyin cuta ne suke haurawa daga farji zuwa mahaifa da bututun ƙwai, galibi ta hanyar saduwa, kuma idan aka yi sakaci suna toshe bututun su hana haihuwa ko su jawo ciki a wajen mahaifa. Amma alamunsa sun fi karkata ga fitar ruwa mai wari ko mai launi, ciwon mara, zazzaɓi, zafi lokacin saduwa, wani lokaci da ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada. Gudaji da nauyin mara da yawan fitsari ba su ne kamanninsa ba. Kuma inda sanyin ne da gaske, maganinsa na kwana 14 ne a jere, tare da yi wa maigida magani da abokiyar zama idan akwai, in ba haka ba ciwon zai riƙa zagaye gidan ne kawai. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane wata ba tare da gwaji ba yana kashe har ƙwayoyi masu amfani da ke tsare farji, sai ƙaiƙayi da farin ruwa su biyo baya, mace ta koma kemis a sake ce mata sanyi ne.

Zaton abokiyar aikinki yana da tushe. Ƙarin da ake kira faibroid tsiro ne na naman mahaifa, ba sankara ba ne, kuma da wuya ƙwarai a tarar da sankara a cikinsa. Ya fi yawa a tsakanin mata baƙaƙen fata, har wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sukan same shi kafin su kai shekara 50, kodayake mafi yawansu ba sa jin komai kuma ba sa bukatar magani. Sinadaran jikin mace da ake kira homon ne suke ciyar da shi, shi ya sa yake motsewa bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Wurin da ya tsiro ya fi girmansa muhimmanci: ƙaramin da ya leƙo cikin ramin mahaifa yana iya zubar da jini fiye da babban da ke manne ta wajenta, shi kuma na wajen ya fi danne mafitsara ko hanji. Sai dai ba faibroid kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai tsiro mai laushi a shimfiɗar mahaifa, akwai kutsawar shimfiɗar cikin naman mahaifar, akwai matsalar maƙoshi ta tayirod, akwai ragowar ɓarin da mace ba ta san ta yi ba, akwai kuma ciwon bakin mahaifa. Saboda haka likita zai fara da gwajin ciki ko da kin tabbata ba ki da shi, sannan gwajin jini, sannan sikanin, sannan ya duba bakin mahaifa da ido. Kada ki ƙi wannan duba na ƙarshe saboda kunya, kina da haƙƙin neman mace ta yi miki ko ta tsaya a wurin.

Cire mahaifa shi ne mataki na ƙarshe, kuma babu mai yin sa sai da sa hannunki. Kafin a kai can akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha a kwanakin jini kaɗai, wadda take rage zubar sosai kuma ba ta hana ɗaukar ciki, amma ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Akwai mefenamic acid, mai rage ciwo da jini a lokaci guda. Akwai robar da ake sakawa a cikin mahaifa mai ɗauke da homon, wadda ta fi su duka rage jini, sai dai tana hana ciki muddin tana nan, don haka ta fi dacewa da wadda ba ta neman haihuwa a yanzu. Akwai kuma tiyatar da ake ciro ƙarin kaɗai a bar mahaifa. Ki guji asfirin a kwanakin al'ada, domin yana ƙara zubar jini.

Tunda a Gombe kike, Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha duk suna da likitocin mata. Ki rubuta ranakun da jinin ya fara da ranakun da ya ɗauke na watannin baya gwargwadon abin da kika tuna, ki kuma tafi da kwalayen magungunan da aka ba ki.

Ummu Sadiƙ, Azare

'Yar'uwa, an yi mini irin tiyatar da Sista ta ambata, ta ciro ƙarin a bar mahaifa, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangaren marar lafiya. Nawa ƙarin ya yi girman da har mutane suka fara yi mini fatan sauka lafiya a gidajen biki, alhali ba ni da komai, kuma wannan ya fi ciwon kansa ƙona mini rai, saboda a lokacin haihuwar nake nema ido rufe.

Ba a shigar da ni ɗakin tiyata nan take ba. Jinina ya yi ƙasa, don haka sai da aka ɗora ni a kan maganin ƙarin jini na tsawon watanni, tare da maganin rage zubar, har ya hau. An kuma bukaci mu tanadi jini tun kafin ranar, domin wannan aiki ne da ake iya zubar da jini da yawa a cikinsa, ƙannen maigidana ne suka bayar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardar sa hannu, saboda a cikinta an rubuta cewa idan jini ya ƙi tsayawa ana cikin aiki, za a iya cire mahaifar domin ceton rai. Likitar ta zaunar da ni da maigidana ta yi mana bayani cewa hakan ba kasafai yake faruwa ba, amma wajibi ne a sanar da mu. Ina ba ki shawara idan aka zo wannan gaɓar ki tafi da maigidanki ya ji da kunnensa, domin bayanin da za ki kai masa gida ba zai kai na bakin likita nauyi ba, kuma dangin miji sukan fi saurarar ɗansu.

Bayan aikin an ce in dakata da ɗaukar ciki na wasu watanni har ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari. Daga baya Allah ya ba ni ciki, aka ciro mini yaron ta hanyar tiyata tun kafin naƙuda, saboda an shiga cikin mahaifar sosai a aikin farko kuma ana gudun ta yage. Gaskiyar da ya kamata ki sani ita ce ƙarin yana iya sake tsirowa, ni ma sikanin da na yi daga baya ya nuna ƙanana, amma ba sa damuna kuma ba a taɓa su ba.

Za ki haɗu da masu tallar maganin da suke cewa yana narkar da faibroid cikin mako biyu, a rediyo, a TikTok, da motocin da ke zagaya kasuwa da lasifika. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai matar da ta sayar da awakinta ta saya, ta ga gudaji suna fita ta ɗauka ƙarin ne yake zubewa, alhali jininta ne yake ƙarewa, sai da aka ƙara mata leda uku kafin a iya yi mata komai. Tunda kuma ke malamar makaranta ce, idan ta gwamnati ce, ki bincika ko sunanki yana cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jihar Gombe, wato GoHealth, ki kuma tambayi abin da shirin yake ɗauka da abin da za ki biya da kanki tun kafin a sa ranar aiki.

Hajiya Inna, Kumo

Ni dai ban yarda a ce duk maganin gargajiya banza ne ba. Iyayenmu sun haihu goma goma ba su san sikanin ba, kuma idan mace ta zubar da jini zogale da rama da hanta ake ba ta, ta murmure. Yaran yanzu abu kaɗan sai a ce tiyata. Ɗiyata, ki riƙa shan zoɓo da lemon malt da madara domin jininki ya dawo, ki kuma jiƙa 'yar jar kanwa ki sha idan mara ta murɗa. Asibitin ma ki je, ban hana ki ba, amma kada ki bari a gaggauta sa miki wuƙa.

Malamar Islamiyya, Jekadafari

Maman Khalifa, Allah ya sa kaffara ne. Zan taɓa ɓangaren ibada ne kawai, in bar na lafiya ga masu shi.

A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, kamar yadda muka karanta tun a Ahalari, matar da ta saba da adadin kwanakinta, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar jimillar ba ta haura kwana 15 ba. Ke da kika saba da 6, a watan farko da jinin ya zarce za ki jira har kwana 9, sannan ki yi wanka ki ci gaba da salla da azumi ko da jinin bai ɗauke ba, domin abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, wato istihala. Malaman mazhabar sun yi bayani cewa idan ya sake zarcewa a wata mai zuwa, 9 ɗin ta zama al'adarki, sai ki ƙara 3 ta zama 12, a haka har a tsaya a 15, ba a wuce nan. Tunda kin ce fiye da shekara ke nan jininki yana ɗaukewa a kwana 11 ko 12, to bisa wannan lissafi duk kwanakin haila ne, wankanki kuma yana ranar da kika ga tsarki. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ne kwana 15.

Akwai malaman da suke ganin mai istihala za ta koma ga kwanakinta na asali ne kawai ba tare da ƙari ba, suna kafa hujja da hadisin Faɗimatu 'yar Abu Hubaish da ke cikin Buhari da Muslim, wadda ta kai kukan cewa ba ta samun tsarki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana mata cewa wannan jinin jijiya ne, ya umarce ta da ta bar salla gwargwadon kwanakin hailarta, sannan ta yi wanka ta yi salla. Saɓani ne sananne, don haka ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa ki riƙe fatawa ɗaya, kada ki riƙa sauyawa kowane wata, wannan shi ke haifar da waswasi.

Abin da nake yawan gani a ajin matan aure shi ne, mace za ta zo ta tambayi hukuncin jininta, a ba ta amsa, ta koma gida hankalinta kwance, ta ɗauka magana ta ƙare. Sanin ranar wanka bai tsayar da jinin ba, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Idan Ramadan ya riske ki cikin wannan rauni, likita amintacce kuma ya ce azumi zai cutar da ke, kina cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame su sha su rama.

Maman Khalifa, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je asibiti tare da maigidana. Gwajin ciki bai nuna komai ba, himogulobin ɗina 8 ne, sikanin kuma ya nuna faibroid guda uku, ɗaya daga cikinsu ya turo cikin ramin mahaifa. An ba ni maganin ƙarin jini da tranexamic acid, aka ce in dawo bayan wata uku a sake aunawa kafin a yi maganar tiyata. Sista, maganin ƙarin jinin yana sa mini tashin zuciya, bayan gidana kuma ya koma baƙi, shin in dakata da shi?

Tunda Allah ya haɗa ni da ku, ina da ƙarin tambaya biyu. Babbar 'yata mai shekara 15 tana ciwon mara mai tsanani duk wata, har da amai, takan rasa makaranta kwana ɗaya ko biyu, kakarta kuma tana cewa a ƙyale ta, idan ta yi aure zai daina. Sai kuma ƙanwata mai shekara 27, wadda takan yi wata uku ko huɗu ba ta ga al'ada ba, gashi ya fito mata a haɓa, ta yi ƙiba, kuma shekara huɗu da aure ba ta taɓa samun ciki ba.

Sista Ungozoma, Bauchi

Alhamdu lillahi da kika je. Kada ki dakata da maganin. Baƙin bayan gida abu ne da aka sani game da ƙwayar ayon kuma ba shi da illa. Tashin zuciyar yakan ragu idan kika sha bayan kin ɗan ci abinci ko dab da kwanciya, idan kuma ya ƙi, ki koma a canja miki nau'i ko a mayar da shi kwana ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ma yana aiki. Kada ki haɗa shi da shayi ko madara, domin suna hana hanji tsotse sinadarin, ki bar tazarar awa biyu a tsakani, ki sha shi da lemon zaƙi ko gwaiba. Ko bayan jinin ya hau, akan ci gaba da sha na kimanin wata uku domin a cike ma'ajiyar jiki.

Hajiya Inna, ina gaishe ki da girmamawa. Maganarki a kan hanta da zogale da sauran ganyaye gaskiya ce, har da wake da nama, kuma muna ba marasa lafiya wannan shawarar kullum. Sai dai wadda jininta ya sauka zuwa 8 kuma tana ci gaba da zubarwa, abinci kaɗai ba zai cim ma abin da take asara ba. Lemon malt da madara suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukarin da ke ciki, amma ba su da ayon ɗin kirki, jan launin zoɓo kuma ba shi ne jini ba. Kanwa kuwa ina roƙon a bar ta, ba ta maganin abin da ke murɗa mara. Kin kuma ga likitocin ba su yi gaggawar wuƙa ba, wata uku suka ba ta.

Game da yarinyar, mafi yawan ciwon marar 'yan mata yana zuwa ne daga wani sinadari da mahaifa take saki a farkon al'ada, wanda yake sa ta matsewa da ƙarfi, shi ne kuma yake kawo amai da gudawa. Ibuprofen yana rage wannan sinadari, amma sirrinsa shi ne a fara sha da zarar alamar farko ta bayyana, ba sai ciwo ya kwantar da ita ba, a sha bayan cin abinci, na kwana biyu ko uku, kuma ba a ba mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Gasa mara da ruwan ɗumi a gora yana taimakawa sosai. Gaskiya ne wasu matan sukan sami sauƙi bayan haihuwar fari, daga nan maganar kakarta ta samo asali, amma ba dalili ba ne na barin yarinya tana rasa darasi duk wata. Idan aka yi wata uku ana wannan bai yi aiki ba, ko ciwon yana farawa kwanaki kafin jini, ko tana jin zafi wurin bayan gida a lokacin al'ada, to a kai ta wurin likitan mata a bincika endometiriyosis. Wannan ciwo ne da nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifa, yana kumbura duk wata yana haddasa mannewar kayan ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana shafar kimanin mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, wato kusan miliyan 190. Sikanin na yau da kullum yana iya fitowa lafiya alhali ciwon yana nan, shi ya sa mata da yawa suke shekaru ana ce musu raki ne. Idan kuma kina da 'ya mace tsakanin shekara 9 da 14, ki tambayi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku allurar rigakafin HPV, wadda Nijeriya ta shigar cikin rigakafin yara a watan Oktoba na 2023 domin kariya daga sankarar bakin mahaifa, kyauta ce kuma sau ɗaya ake yi.

Ƙanwarki kuwa, alamunta sun yi kama da matsalar da ake kira PCOS, inda homon ɗin maza yake ɗan yin yawa a jikin mace, ƙwai kuma ba ya nuna ya fita kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Likitoci suna tabbatar da ita ne idan biyu daga cikin abubuwa uku suka haɗu, wato tsallaken al'ada, alamun yawan homon ɗin maza kamar gashin haɓa da ƙuraje, da kuma yadda gidan ƙwai yake bayyana a sikanin, bayan an kawar da wasu dalilai irin su tayirod da yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono. Ya kamata a auna mata sukari da hawan jini, domin masu wannan matsala sun fi saurin kamuwa da ciwon sukari. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki kaɗai yakan dawo wa wasu da al'adarsu. Barin mahaifa ta wuce wata uku ba ta zubar ba, shekara da shekaru, yana sa shimfiɗarta ta yi kauri fiye da kima, don haka ko ba don haihuwa ba tana bukatar magani. Domin haihuwa kuma akwai letrozole da clomiphene masu sa ƙwai ya fita, kuma mata da yawa sun samu ciki da su, amma kada ta saya a kemis ta sha da kanta kamar yadda ya zama yayi, saboda ana bin su ne da sikanin a ga yadda ƙwan yake girma. Kafin a fara ba ta ko ƙwaya ɗaya, likita zai nemi a gwada maniyyin mijinta, don haka ta fara shawo kansa tun yanzu su je tare.